Wayar Haƙori: Abin da 'Yarmu Ta Koya Mana a Utako



Mun daɗe muna juya maganar nan, mu rubuta ko mu bar ta a cikin gida. Abin da ya tunzura mu shi ne wani taron suna da muka je kwanan baya a Jabi. Mun ga 'yan mata huɗu da waya a haƙoransu, da hira ta yi nisa sai muka fahimci biyu daga cikinsu ba su taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Gabanmu ya faɗi, domin mu ma ta wannan hanyar muka biyo. Mun nemi izinin yarinyarmu kafin mu sa wannan a shafi, ta ce mu rubuta amma kada mu faɗi sunanta. Dama ba za mu faɗa ba, 'yar fari ce.

A Utako muke zaune shekara da shekaru. Ɗayanmu yana da shago a kasuwar Utako, ɗayar kuma malamar makaranta ce. Yarinyar ta yi tsotson yatsa har ta kusa shekara 7. Da ta gama famfara sai haƙoranta na sama suka fito waje, leɓe ba ya rufe su sai ta matsa, na ƙasa kuma suka hau kan juna. Duk wanda ya yi magana sai mu ce ai da girma za su koma. Ba su koma ba.

Tana aji uku na ƙaramar sakandare, shekararta 14, wata rana muna cin tuwon dare ta ce, "Abba, don Allah a sa mini waya." Abbanta ya yi dariya ya ce, "Waya kuma? Ba ga ta Ummanki nan ba, ki ara mana." Kowa ya yi dariya, ita ma ta sunkuyar da kai kamar tana yi. Ba ta sake tayar da maganar ba, mu kuma muka ɗauka yayi ne irin na yara, zai wuce. Sai daga baya, da muka koma kan hotunan Sallah da muka ɗauka a bakin tafkin Jabi, muka lura babu hoto ko ɗaya da ba ta sa gefen hijabi ta rufe bakinta ba. Ashe a makaranta zomo suke kiranta. Shekara biyu tana ɗauke da wannan suna, mu da muke gida ɗaya da ita ba mu sani ba.

Da ta ga ba mu ɗauki maganar ba sai ta nema wa kanta mafita. Ta tara kuɗin tara, wata ƙawarta ta kai ta wurin wata mai gyaran gashi da ke manna wa 'yan mata waya don ado. Kwana goma tana yawo da takunkumi a cikin gida, wai mura take yi, abinci ma a ɗaki take ci. Ummanta ce ta ga ɗigon jini a jikin matashin kai, ta tsare ta, ta ce, "Ke, cire abin nan ki buɗe bakinki." Dasashi ya kumbura ya yi ja, cikin leɓe duk ya yi gyambo, ga wari. Ba mu yi faɗa a daren nan ba. Kunya ce ta kama mu, don ta faɗa mana tun farko, mu muka mayar da ita abin dariya.

Washegari muka kai ta asibitin haƙori. Likitar da ta duba ta ta ce gam ɗin da aka manna ƙarafan da shi ba na baki ba ne, kuma wayar ta fara jan haƙori ɗaya zuwa inda bai kamata ba. Ta cire, ta wanke, ta ba da magani, ta ce mu gode wa Allah kwana goma ne kawai. Ta ce wannan yayi ba a Nijeriya ya fara ba, a ƙasar Tailan sai da hukuma ta hana sayar da irin wannan waya ta ado. Sannan ta tura mu wurin ƙwararren likitan daidaita haƙora, wanda bayan karatun likitan haƙori ya ƙara wasu shekaru yana koyon wannan fanni kaɗai.

A wurinsa muka fara fahimtar abin da ake yi. Mu a tunaninmu haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ya ce a'a, tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe da shi. Idan aka matsa haƙori a hankali, ba tare da yankewa ba, ƙashin da ke gefen da ake turawa yana narkewa kaɗan-kaɗan, wani sabo kuma yana tsirowa a bayansa ya cike gurbin. Tafiyar ba ta wuce kamar milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2, wani ma ya wuce. Idan ƙarfin ya yi yawa, ko aka ja ta inda ba daidai ba, saiwa tana iya lalacewa, haƙori ya yi girgiɗi, har ya faɗi. Ke nan duk wayar da ta manne a haƙori aiki take yi, ko wanda ya sa ta ya san abin da yake yi ko bai sani ba.

Bai sa komai a ranar ba. Ya ɗauki hoton ƙashi na baki gaba ɗaya da na gefen fuska, ya ɗauki awon haƙoran, ya sa aka cike wani ɗan kogo da ta ke da shi a turmi, ya ce sai dasashi ya warke sarai. Ya nuna mana cewa tun 1899 wani likita ɗan Amurka, Edward Angle, ya kasa matsalar haɗuwar haƙora gida uku, kuma har yau da rabon nan ake aiki. Akwai wanda turamensa sun hau daidai amma sauran haƙoran sun karkace ko sun cunkushe. Akwai wanda na sama suka yi gaba da yawa. Akwai wanda na ƙasa ne suka wuce na sama. 'Yarmu tana gida na biyu. Ya ce irin nata ya wuce maganar kyau, domin haƙoran gaba da suka fito waje sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi, waɗanda suka hau kan juna kuma buroshi ba ya shiga tsakaninsu.

Sai muka yi tambayar da kowane uba zai yi: "Likita, wacce ce ta fi kyau?" Ya jero mana su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ta ƙarfe, wadda kowa ya sani. Ana manna ɗan ƙaramin maɓalli na ƙarfe a kan kowane haƙori, a zura siririyar waya ta cikinsu, a ɗaure da 'yan robobi masu launi. Ita ce mafi araha, mafi ƙwari, kuma kusan babu irin karkacewar da ba ta gyarawa. Aibinta ɗaya, kowa zai gan ta. Akwai ƙanwarta wadda maɓallanta suke da ɗan murfi da ke riƙe wayar, ba a buƙatar roba, ta ɗan fi sauƙin wankewa, ta kuma ɗan fi tsada.

Ta biyu ta tangaran ce. Aikinta ɗaya da ta ƙarfe, sai dai maɓallan launin haƙori ne, daga nesa ba a cika lura ba. Ta fi tsada, ta fi saurin fashewa, kuma fararen robobin da ake ɗaure ta da su suna rinewa. Da ya ambaci shayi da zoɓo da miyar manja da kori sai muka kalli juna, don abincin gidanmu ya lissafa.

Ta uku a bayan haƙora ake manna ta, ta wajen harshe. Ba mai ganinta ko kaɗan. Amma tana gurzar harshe, tana canza magana a makonnin farko, wanke ta da wuya, tsadarta ta fi ta sauran wayoyin, kuma ba kowane likita yake yin ta ba.

Ta huɗu ba waya ba ce ma. Wani kwanson roba ne garai-garai da ake ƙerawa daidai bakin mutum, a kifa a kan haƙora, a canza sabo duk mako ɗaya ko biyu. Wanda ya fi suna shi ne Invisalign, da wani kamfanin Amurka ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Ana cirewa a ci abinci a goge baki, ba a ganinsa, ba ya yanka leɓe. Sharaɗinsa shi ne ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum. Ranar da yaro ya bar shi a jakar makaranta, ranar ba a yi aiki ba.

Ya kuma nuna mana wasu faifai na roba da waya waɗanda ake sawa ana cirewa, ana amfani da su ga yaran da muƙamuƙinsu bai gama girma ba, don a ja na ƙasa ya biyo na sama. Ya ce da mun zo tun tana shekara 11 ko 12, da wataƙila da irin wannan zai fara. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ma shawararta ita ce a fara duba yaro tun yana shekara 7, ko da ba za a yi masa komai a lokacin ba. Wannan magana ta yi mana zafi, amma gaskiya ce.

Yarinyar ta nuna kwanson roba ta ce shi take so, kuma mun gane dalili: ta gaji da a riƙa kallon bakinta. Likita bai musa mata ba. Ya tambaye ta, "'Yata, sau nawa kika ɓatar da gorar ruwanki a zangon nan?" Ta yi shiru, ƙanwarta ta ce sau uku. Ya ce mana kowacce a cikin waɗannan tana da wanda ta dace da shi. Abin da ake dubawa shi ne irin matsalar, da halin yaron, da abin da iyaye za su iya biya har ƙarshe ba tare da sun tsaya a tsakiya ba. Aikin da aka fara aka watsar, inji shi, yakan bar baki cikin halin da ya fi na da muni. A nan tambayarmu ta canza. Muka daina neman wadda ta fi kyau, muka koma neman wadda wannan yarinyar za ta iya riƙewa shekara biyu. Ta kwana biyu tana tunani, da kanta ta dawo ta ce a sa ta ƙarfen, amma ita za ta riƙa zaɓen launin roba.

Saura Hajiya, kakarta ta wajen uba. Da ta ji labari a waya daga Katsina, musamman da ta ji likita ya ce sai an cire ƙananan turame biyu na sama don a samu wurin da haƙoran gaba za su koma, sai ta ce sam. "Lafiyayyen haƙori za ku cire wa kishiyar tawa? Kuma wannan ba canza halittar Allah ba ne?" Ba mu raina tambayoyin nan biyu ba. Ta farko mun kai hotunan wurin wani likita na biyu, ya duba ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Ba kowane yaro ake cire wa haƙori ba, amma a bakin 'yarmu wurin bai isa ba. Ta biyu mun kai wa malaminmu. Ya ce hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi hani ga masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu don neman kyau, amma malamai sun bambanta wannan da gyaran aibi ko cuta. Ya kawo labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Mu abin da aka faɗa mana ke nan, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Hajiya ta ce to, tunda magani ne, Allah ya sa a dace. Abbanta ya tsokane ta da cewa ita ma ai da haƙorin Makka take murmushi, ta ce ya kiyaye ta.

Maganar kuɗi ba za mu ɓoye ba, da nauyi. Kayan aikin daga waje ake shigo da su, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023. Abin da aka yanka mana ya fi kuɗin makarantar yaran biyu na shekara guda. Mun roƙi a raba mana biya, aka karɓi wani kaso a farko, saura duk zuwa. Adashen Ummansu na shekarar nan can ya tafi, gyaran mota kuma aka ɗaga. Shawararmu ga wanda zai shiga: a rubuta muku a takarda abin da kuɗin ya ƙunsa. Hoton ƙashi yana ciki? Idan maɓalli ya ɓalle, wa zai biya? Abin riƙe haƙora na bayan an gama fa? Mai inshorar lafiya ya tambaya tun kafin a fara ko tsarinsa ya ɗauki wannan aiki. A kuma kwatanta asibitocin kuɗi da na gwamnati. Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano duk suna da sashen haƙori. Kada kunya ta hana ku tambayar mai aikin ko yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya, kuma ko ya yi horon ƙwarewa a wannan fanni. Likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ranar da aka sa, ba ta ji zafi a kujera ba. Da dare ne abin ya taso. Kwana huɗu kunu da koko da faten dankali kawai take iya sha, tana manna ɗan kakin da aka ba ta a kan ƙarfen da ke gurzar kumatu. Bayan mako ɗaya ta saba. Haka kuma duk lokacin da aka ƙara ɗaure wayar, wato kusan duk mako shida, sai ta yi kwana biyu tana lallaɓa baki. Mai yaro a makarantar kwana ya lissafa wannan zirga-zirga kafin ya fara.

Abinci ma sai da gidan ya canza. Rake, aya, goriba, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, cingam, alawa mai danƙo, tauna ƙanƙara da guringuntsi, duk an ajiye su. Tsire sai an yanka mata ƙanana. A wata na uku ta saci aya a makaranta, maɓalli ɗaya ya ɓalle, muka biya kuɗin gyara, aka ƙara mata lokaci. Ba ta sake ba. Mu ma muka daina shigo da rake gida, don ba daidai ba ne muna sha tana kallo.

Babban aikin shi ne wanke baki. Abinci yana maƙalewa a gefen kowane maɓalli, idan aka bar shi sai a cire waya a tarar da fararen tabo a jikin haƙora, farkon ruɓewa ke nan. Tana gogewa da man goge baki mai fuloraid bayan kowane abinci, tana bin tsakanin ƙarafan da wani ɗan siririn buroshi. Asuwakinta ma likita ya ce ta bi a hankali, kada ta tauna shi da haƙoran da ke ɗauke da ƙarfe. Daga baya aka ƙara mata wasu robobi da take maƙalawa daga sama zuwa ƙasa da kanta. Wannan kam ba mai iya yi mata. Mun tuna mata na mako biyu, daga nan ta ce, "Umma, ki bari, na sani."

Ƙanwarta mai shekara 11 da ta ga robobi masu launi sai ta ce ita ma a rufe mata wushiryarta. Muka tambayi likita. Ya duba ya ce a shekarunta irin wannan tazara takan ragu da kanta idan fiƙoƙin sama suka gama fitowa, idan ma ta zauna, wushirya ita kaɗai ba cuta ba ce. Ya gargaɗe mu kan wata dabara da yara suke gani a intanet, ta ɗaure haƙora biyu da roba don su haɗe. Robar tana iya zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi ta ci ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Da Hajiya ta ji an bar wushirya sai ta ce yanzu ta yarda likitan nan yana da hankali, abin da a zamaninsu ake yi wa waƙa shi za a biya kuɗi a toshe?

Yau wata 16 ke nan. Leɓenta yana rufuwa ba tare da ta matsa ba. Likita ya ce saura kamar wata shida, kuma ya riga ya faɗa mana cire waya ba shi ne ƙarshe ba. Haƙora suna son komawa inda suka fito, don haka za a ba ta abin riƙewa, ko siririyar waya a bayan haƙoran gaba, ko kwanson roba da za ta riƙa kwana da shi shekaru masu yawa. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya asarar duk wahalar da ya sha.

'Yan uwa, ba muna cewa kowane yaro sai an sa masa waya ba ne. Da yawa ba sa buƙata, wasu kuma iyayensu ba su da hali yanzu, kuma ana iya yin aikin ko bayan an girma. Abin da muke roƙo shi ne, idan ɗanku ko 'yarku ta kawo maganar bakinta, ku ajiye cokali ku saurara. Ku kai ta a duba, ko da duba ɗin kaɗai za ku iya biya. Idan babu hali, ku faɗa mata gaskiya, ku sa lokaci tare. Idan kuma kun ga waya a bakin 'yar maƙwabta ko 'yar ɗan uwa, ku tambaya cikin hikima wane likita ne ya sa. Mu dariya muka yi, sai wata da ba ta san komai game da haƙori ba ta saurare ta a madadinmu.

A Sallar da ta wuce mun koma bakin tafkin Jabi. Ta zaɓi koren roba don ya shiga da atamfarta. Hoton yana nan a falo, ƙarfe reras a baki, hannayenta biyu a kafaɗar ƙanwarta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya hore mana abin ɗawainiya da su. Wanda ya taɓa bin wannan hanya da nasa yaron, muna son jin yadda ya ƙare, musamman maganar abin riƙewa, don mu ita ce a gabanmu.